Muryar Kaka a cikin memori

Ni dai sana'ata gyaran waya ce da tura waƙoƙi da wa'azi a memori, shagona na nan Kusiri a arewacin Kamaru ba nisa da kasuwa, in wayarka ta faɗa ruwa ko gilashinta ya fashe to ka zo gida, amma maganar yare da tarihi wlh ko a mafarki ban taɓa zaton zan tsinci kaina a ciki ba. Ƴata ce ta jawo min.

A Fabrairun 2022, ana saura ƴan kwanaki 21 ga wata da ake cewa ranar harshen uwa, madam ɗinsu a lakwal, wato makaranta, tace kowane yaro ya zo da waƙa ko karin magana da yaren gidansu. Yarinya ta dawo tana tambaya wai ita wanne zata kai. Nace Hausa mana, ke ba Bahaushiya bace? Tace a'a Baba, harshen uwa aka ce ba harshen uba ba. Muka yi dariya, ta juya wajen mamanta. Maman yara Kotoko ce ƴar asalin garin nan, kakanninta tun kafin zuwan mayaƙi Rabe suna bakin kogin Logon. Ta buɗe baki zata rera mata wata waƙa da ake musu suna yara, tayi baiti ɗaya da rabi ta tsaya cak, ta sake farowa ta sake tsayawa a daidai wurin. Sai ta miƙe wai tuwo zai kama. Ba wani tuwo a kan wuta, ni na sani ita ma ta san na sani.

Wanda ba ɗan nan ba zai ɗauka Kotoko yare ɗaya ne, to ba haka bane, kusan kowane tsohon birni da nasa. Na Makari ana ce masa Mpade, na Gulfe Malgbe, Afaɗe da nasu, Maltam Maslam, Logon Birni Lagwan, Zina da Mazera su ma da nasu, na Kusiri kuma Mser. Mutanen Makari da Logon Birni har yanzu zaka ji yara na wasa da yarensu a titi, amma namu na nan cikin gari Larabcin Shuwa ya riga ya hau kansa ya zauna. Kasuwa Larabci, klando wato ƴan acaba Larabci, faɗa ma da Larabci ake yi. Ga Njamena a tsallake muna kallon juna, lokacin yaƙin Cadi na 1980 dubun dubatar mutane suka ƙetaro suka zauna nan, a 1985 aka buɗe gadar Ngeli, a 2008 aka sake wani gudun, kullum gari ƙara cika yake da baƙi, ɗan gari ya zama ƴan tsiraru a garinsu. Yanzu in kana son jin Mser tsantsa sai ka nemi masu furfura.

Ni ma da hannuna a ciki, gara in faɗa tun yanzu. Ranar da ta tare nace mata gidana Hausa za'a yi, bana son yarana su tashi basu iya gaida kakanninsu na Garwa ba. Ban ce kar tayi yarenta ba, amma duk sanda naji ta fara yiwa jariri wasa da shi sai ince me kike cewa ne, ku dinga yin abinda kowa zai ji mana. Sau nawa zaka faɗa wa mace haka kafin ta bari?

Washegari da yamma na ɗauki yarinyar a moto, wato babur, muka tafi wajen Kaka, wato kakar maman yara ta wajen uwa. Tsohuwa ce tukuf, ita dai lissafinta shine tana goyon ɗanta na fari Kamaru ta samu ƴanci a 1960, lokacin ma Fort Furo Nasara ke kiran garin. Wasan jika muke da ita, matata kishiyarta ce ni kuma angonta. Nace Kaka yau waƙa muka zo roƙo, na ciro waya na danna rikodin na ajiye mata a kan tabarma. Ta rera wa yarinyar waƙar har ƙarshe, baiti shida ashe. Daɗi ya kama ni nace to ƙaro mana tatsuniya. Ta kalle ni sheƙeƙe tace ango, ku a garinku da rana tsaka kuke tatsuniya? Na dawo bayan isha. Ta fara da yarenta, jimla biyu uku, ta dubi fuskata taga ba abinda nake ganewa, ta dubi yarinya ita ma haka, kawai sai ta zarce da Larabci har ƙarshen labari. Da na koma gida na saka iyafis naji abinda na ɗauko, fanka ce ke ta huci a kai, akuya na kuka, wani klando na ta hon a waje, muryar Kaka can ƙasa kamar daga rijiya, kuma rabin abin ma ba yaren da naje nema bane.

Da na tsaya nan da shikenan. Sai dai akwai wani malamin firamare ɗan uwan maman yara da ke kawo min cajin waya, yayi karatu a jami'ar Marwa ya ɗan taɓa ilimin harsuna, na kunna masa don muyi dariya, shi bai yi dariyar ba. Yace mai shago, laifin ba na waya bane kaɗai, ai Kaka ba da waya take magana ba, da mutum take magana, in wanda ke gabanta baya ji dole ta koma yaren da yake ji, kunya ce ma ta hana ta barinka a duhu. Kuma tatsuniya ba'a yinta mutum ɗaya, ko ku in an ce ga ta nan ga ta nanku ai sai an samu mai cewa ta zo mu ji ta. Dole a nemo mata wanda zai amsa, wanda zai yi dariya a inda ake dariya, ya kama amshin waƙa in an zo wurin. Wannan maganar ita ce gaba ɗaya aikin, sauran duk kayan haɗi ne. Muka nemo wata ƙawarta da suka yi ƴanmatanci tare, da wani dattijo tsohon masunci da kowa ke kira Baba, ni kuma aka ce in koma bayan ƙofa da wayoyina in yi shiru kamar bana nan.

Kafin a kai ga haka sai da muka sha zaman neman izini, kuma nan ne na gane abin ba wasa bane. Ku tuna wata biyu kacal kenan da rikicin Disamban 2021, wanda ya taso daga wajen Logon Birni tsakanin Larabawa da Musgum akan ruwa ya shigo har cikin gari, mutane suka yi ta tsallakawa Cadi, manya kuma basu manta da na 1992 ba. A irin wannan lokacin kace zaka bi tsofaffi da na'ura kana tambayar waye ya fara zama a ina, wace unguwa ta waye, ai ka ɗebo ruwan dafa kanka. Muka je wajen bulama, wato mai unguwa, da goro. Yace to ku wa ya aiko ku? Malam yace ranka ya daɗe ba wanda ya aiko mu. Yace to wa zai biya ku? Muka ce babu. Ya daɗe yana kallona yace shi wannan Bahaushen meye nasa a ciki? Nace ranka ya daɗe ƴaƴana ne nawa a ciki. Ya yarda amma da sharaɗi, ba maganar fili, ba maganar iyakar gona ko wurin su, ba maganar sarauta ta yanzu. Muka ce mun ji, kuma har yau in hira ta karkata can ni da kaina nake kashe na'ura a gaban kowa.

Sai zaman dangi, wanda yafi na bulama zafi. Wani kawu yace sayarwa Turawa zamu yi mu ci kuɗi da muryar uwarsu, wata inna tace hoton tsohuwa zai yi yawo a Facebook ana dariya. Ban ga laifinsu ba. Abinda muka tsaya a kai shine, tunda tsofaffin basa karatun boko ba maganar sa hannu a takarda, a farkon kowane ɗauka Malam zai tambaya da yaren, mai magana ya faɗa da bakinsa ya yarda a ɗauka, sannan ya faɗi wa ya yarda ya ji. Kashi uku muka yi, na kowa da kowa, na dangi kawai, da na mata zalla, irin waƙoƙin wankan amarya da na gidan mai jego, wanda ni kaina ban taɓa saurara ba, maman yara ce ke riƙe na'ura ranar kuma memorinsu daban yake a cikin akwatinta. Kuma duk wanda ya canza ra'ayi daga baya yana da iko yace a goge. Wannan na ƙarshen ni na kawo shi da bakina, ban san zai dawo kaina ba.

Kuɗi kuwa bamu biyan kowa don babu, amma ba'a zuwa hannu rabbana, sukari da ganyen shayi da goro da sabulu, wani lokacin kuɗin magani.

Maganar kayan aiki ita ce fannina don haka bari in ɗan baje. Mu bakwai muka yi karo-karo aka sayo mana ƴar rakoda Zoom H1n ta hannu daga Njamena, batir biyu ƙanana take ci, tana ɗauka a memori. Kar ka yarda ka ɗauki abin ajiya da voyis na WhatsApp, matse sauti yake yana zubar da rabi, kunne ba zai gane ba sai ranar da kake son bambance wani harafi da wani. A WAV muke ɗauka, awa ɗaya na cin sama da mega 600, nauyi ne amma shi ne na asali, daga shi nake cire MP3 mara nauyi na rabawa. Iskar hunturu na bugun makirfo, na yanka safar yaro na saka mata, ya yi. Fanka dole a kashe, to a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 kace tsohuwa ta zauna a ɗaki ba fanka ai zalunci ne, sai muka koma tsakar gida bayan isha ko da sassafe kafin klando su fito. Na'ura kar ta wuce kamu biyu daga bakin mai magana, a ɗora ta kan filo ba kan tire ba, in ba haka ba duk kofin shayin da aka ajiye sai ya fito kamar harbi. Kuma iyafis a kunne tun farko har ƙarshe, akwai daren da Baba yayi kusan awa yana zuba ashe batir ya mutu tun minti na tara, da na faɗa masa yace to ai na riga na faɗa, wanda bai ji ba shi ya sani. Sai bayan sati uku ya yarda ya maimaita, kuma bai kai na farkon daɗi ba.

Kowane fayil sunansa kwanan wata da lambar mai magana da lambar ɗauka, sannan akwai kaye babba, wato littafin rubutu, da nake rubuta sauran, waye yayi magana, su waye a wurin, a gidan wa, akan me, wa aka yarda ya ji. Da farko ina ganin wannan ɓata lokaci ne, sai da fayil ya kai hamsin na rasa gane wanne ne wanne.

Baba shi ne ya buɗe min ido akan abinda ke tafiya tare da yare. Yayi aiki yana yaro a kan zemi, wato babban jirgin su na Kotoko da ake ɗinka katakansa, da wata ƙatuwar koma mai kusurwa uku a goshinsa a jikin dogayen sanduna biyu, a sauke ta cikin ruwa a ɗaga, yara kuma a ƙaramin kwalekwale suna buga gefensa da sanda suna koro kifi. Yace daga wannan bugun ne ma, ko-to-ko ko-to-ko, aka samo sunan ƙabilar, Kaka tace ƙarya yake, suka kwashe minti ashirin suna musu da yaren tsantsa ba ko kalmar Larabci ɗaya, sun manta da ni sun manta da na'ura, wlh duk cikin abinda muka ɗauka ba wanda ya kai wannan musun kyau. Kowace igiya a jikin jirgin nan da sunanta, kowane katako da sunansa, mai tsayawa a gaba da mai riƙe filafili a baya kowa da sunan aikinsa da waƙarsa. Kifi kuwa, ni na san giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da kurungu da salanga da ake shanyawa, shi wani kifin ma suna uku yake ba shi, yana ƙarami, ya tasa, ya girma. To yau ina zemi? Fari na 1973 da na 1984 sun janye ruwa, dam ɗin Maga da aka gina a 1979 ya rage ambaliyar da ke cika fadamun da kifi ke hayayyafa, ga taru na leda da inji sun shigo. Da jirgin ya tafi duk kalmomin nan ba inda za'a faɗe su kuma. Haka waƙar niƙa, tunda injin niƙa ya zo wace mace ce zata durƙusa kan dutse tana rera baiti talatin? Sai da muka aro dutsen niƙa muka zuba dawa Kaka ta ɗora hannu tukun waƙar ta dawo mata, a zaune kan kujera ta kasa tuno ko farkonta.

Labarin Sao ma mun ɗauka kala huɗu daga baki huɗu, mutanen farko da Kotoko ke cewa su ne kakanninsu, ƙatti da ake cewa ɗayansu na saɓa giwa a kafaɗa, in yayi kira daga wannan gari ana ji a wancan. Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihi na Gawi kusa da Njamena ya ga manyan tulunan da ake tonowa. Malam ya so a haɗa huɗun a fitar da guda ɗaya ingantacce, nace a'a, waye zai zaɓa? Aka bar kowanne da sunan mai shi.

Ɗauka ashe shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen fassara. Yadda muke yi, a kunna jimla ɗaya a tsayar, wani mai jin yaren ya maimaita ta a hankali dalla-dalla cikin wata na'urar, sannan ya faɗi ma'anarta da Larabci ko Hausa, a ci gaba. Ko ba'a rubuta komai ba, wanda zai zo bayan shekara hamsin yana da asali, yana da maimaici a fili, yana da fassara. Tatsuniyar minti goma ta ci mana dare uku. Malam na da aikin lakwal, tsofaffi kuma in ka ce su maimaita sai su sake sabon labari, ba mai haƙurin wannan aikin. Rannan muna tsakar gidana mun maƙale a wata jimla, Malam ya juya ta ya juya ta, sai muka ji daga bakin murhu an maimaito ta tsaf an kuma fassara. Maman yara ce. Ita da take cewa ji kawai take bata iya mayarwa. Malam yace yaya, zo ki zauna nan. Tace ita aiki take. Ta zo dai. Yau ita ce mai maimaicin kusan duk abinda muka fassara, ashe abin na nan kwance a cikinta shekara da shekaru ba wanda ya tambaya, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ma hana shi fitowa nayi.

Wajen rubutu an yi rigima. Masu lakwal na so a rubuta da salon Faransanci, ou a maimakon u, tch a maimakon c, wani malamin allo yace ajami ya fi tunda tsofaffi shi suka sani. Malam ya kawo haruffan bai ɗaya na harsunan Kamaru da aka amince da su a 1979, masu ɓ da ɗ da wani e a kife, yace da su ake rubuta sauran yarukan ƙasar, aka bi nasa, amma waƙoƙi biyu malamin allon ya rubuta da ajami mun ajiye. A kwamfutar shago na saka wata manhaja ELAN, kyauta ake sauke shi, yana nuna sautin kamar zanen tsaunuka ka yanka shi gunduwa gunduwa ka rubuta a ƙarƙashin kowanne. Abin dariya, garin neman kibod mai waɗannan haruffan ne na gano ni kaina shekara da shekaru ina rubuta Hausa ba ƙugiya, ƙasa da kasa duk ɗaya a wajena, shi yasa kuka ga yanzu ina sakawa. Malam ne kuma ya faɗa min wai Hausa da yarukan Kotoko da Musgum da Masa da Mandara duk dangi ɗaya ne, masana na kiransu dangin Cadi, banda Barbarci da Fulatanci. Nace haba. Yace tambayi Bamusgume huɗu, na tambayi wani mai kawo min gyara yace puɗu. Na riƙe baki. Yace akwai wani Bafaranshe Henry Tourneux da ya daɗe yana aiki akan yarukan Kotoko, kuma tun da can marigayi Eldridge Mohammadou ɗan Garwa ya zaga lamidodin arewa yana tattara tarihin baka, to amma irin waɗannan ayyukan suna cikin littattafai da Faransanci, Kaka bata taɓa jin labarinsu ba. Ya kuma lissafo min yarukan da suka riga suka tafi ko suke bakin tafiya, Zumaya a wajen Marwa da Fulatanci ya shanye, Baldamu da ya rage a bakin tsofaffi ƙalilan, Laal can Gori da Damtar a bakin kogin Shari da masu yinsa basu kai dubu ba.

Yanzu maganar gogewa. Wani dare Kaka ta saki jiki tayi kusan minti arba'in akan abinda kakarta ta faɗa mata, abin da ya shafi guzan gari da bakin kogi da wasu abubuwa da mata ke yi a da. Iyakar abinda zan faɗa kenan. Malam har rawar jiki yake, yace bai taɓa jin wannan a bakin kowa ba. Bayan kwana biyu ta aiko a kira ni, ni kaɗai. Tace ango, abin nan na shekaranjiya cire shi. Nace Kaka a saka a na dangi kawai mana, ko a rufe sai bayan ranki. Tace bayan raina ne ma bana so, in ina raye zan iya cewa ba ni nayi ba labari aka bani, in na mutu wa zai faɗa? Jikokina zasu ji muryata suce kakarsu mushirika ce, ni da na je Makka. Na goge a gabanta, na dawo shago na goge na kwamfuta, na goge na diski. Malam yayi sati biyu baya min magana, yace na ƙona abinda ba za'a sake samu ba har abada, kuma gaskiyarsa ne ba za'a samu ba. Nima akwai daren da nake kwance ina cewa da na ɓoye kwafi ɗaya wa zai sani. Amma ni na kawo sharaɗin da bakina a gaban dangi, kuma bayan wannan ne ƙawarta da ta daɗe tana noƙewa ta aiko tace a zo da na'ura, ta ji labarin Bahaushen nan in ance ya goge yana gogewa.

Kwafi uku muke ajiyewa, kwamfutar shago, diski a gidan Malam, da wani diskin wajen ƙanina a Garwa da nake aika masa sabo duk bayan ƴan watanni. Da ruwa ya ci unguwanni a ƙarshen daminar 2022 ya shigo min shago cikin dare, kwamfuta ta tafi, kaye ya jiƙe sai da muka shanya shi shafi shafi a kan kwano, biro ya zube a wurare da dama. Sauti ko ɗaya bai ɓata ba saboda diskin Malam, amma bayanin fayil goma sha ɗaya sai da muka sake zama muka saurara muna tuno a gidan wa aka yi. Tun daga nan duk shafin da na cika sai na ɗauke shi hoto. Malam na ta maganar a tura kwafi manyan rumbunan ajiya na waje, akwai ELAR a Jamus akwai Pangloss a Faransa, dangi basu gama yarda ba tukun, ni ma bana gaggawa, sai an fassara musu sharuɗɗan sun ji da kunnensu.

Abinda yafi min daɗi shi ne mayarwa. Nan sana'ata tayi rana. Na kowa da kowa nake zubawa a ƙananan memori, mu saka a irin ƴan rediyon nan masu caji, mu kai wa tsofaffin. Kaka ta saurari kanta tace wannan tsohuwar ta iya magana amma ta yi kuskure a baiti na huɗu, a sake. Yanzu in mutum ya kawo memori a saka masa wa'azi ko waƙar Sudan sai in tambaya, in ɗan gari ne, in ƙara maka na Kaka kyauta? Da yawa suna cewa saka. Matsala ɗaya muka samu, wani yaro ya yanki inda ƙawar Kaka ke kwaikwayon kukan kura ya ɗora kiɗa da hoton dariya ya watsa a TikTok, abinda innar nan ta faɗa tun farko ya tabbata, sai da muka je har gida muka bada haƙuri aka sa ya cire, tsohuwar tayi wata biyu bata yarda an ɗauke ta ba. Daga nan muka fara saka muryar Malam a farkon kowane MP3 yana faɗin na waye kuma ba'a yarda a yanka ba. Ba zai hana ɗan iska ba amma dai.

Baba ya rasu bara da azumi, Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar bakwai ɗansa da ke aiki a Duwala ya zo shago, mutumin da bai taɓa zuwa zaman ko sau ɗaya ba, yace ance muryar tsoho na wajenka. Na zuba masa duka. Ya saka iyafis a nan kan benci, can ya cire yace min shi fa baya gane rabin abinda yake faɗa, akwai fassara? Nace na wasu akwai, saura muna kai.

Muna kai ɗin ne har yanzu, abinda muka fassara bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abinda muka ɗauka ba. Ƴata yanzu ita ke yiwa Kaka amshi in ana tatsuniya, da karyayyen harshe, Kaka na gyara mata tana zaginta wai bakin Hausawa gare ta. A cikin waƙar jirgi ta Baba akwai wata kalma da ta fito sau uku, maman yara bata santa ba, Malam bai santa ba, Kaka tace ba tasu bace, uwar Baba ƴar Logon Birni ce can ya kwaso ta. An ce akwai ƙanwar uwar tasa da ta rage a wani ƙauye a hanyar can, ta makance amma kunnenta garau. Mun sa ranar zuwa sau biyu ruwa na hana moto wucewa. Na sayi batir na ajiye, in hanya ta bushe ranar wata Lahadi zamu je ni da Malam da maman yara, tace ita zata yi tambayar.